Ginin Dandalin Wasanni a Bakin Gulbi

 

Mas'alar da aka ɗora mini ita ce yadda ya kamata a tsara dandalin wasanni a bakin ruwa, kuma ko da yake ginin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne gidan waƙa na Sidni a Ostiraliya, wanda Jørn Utzon ya zana, aka buɗe a 1973, mu mutanen Sakkwato muna da hujja mafi kusa, wato gaɓar gulbin Matan Fada ta Argungu. Tun 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka yi su domin girmama baƙon, gaɓar nan ta zama mazaunin 'yan kallo, ruwan kuwa ya zama fagen masu homa da gora, har UNESCO ta shigar da bikin kamun kifin cikin gadon bil'adama a 2016. Hikimar wurin ita ce an bar gulbi ya yi umarni, gini ya bi.

In Allah ya nufi Sakkwato da irin wannan gini a gaɓar Rima, sharaɗi na farko shi ne sanin haddin ruwa, domin wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta raba ɗalibai da gari, ya san cewa fadama amanar gulbi ce, yakan dawo neman abinsa. Wajibi ne a ɗaga daɓe sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Na biyu shi ne zafi, domin a garin da bazara ke wuce awo 40, wanda ya lulluɓe jama'a da gilashi da kwano ya gina musu tanda. Magabata sun warware wannan da katanga mai kauri, da azara, da bakan gizo mai ɗaga rufi, kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Zariya, kuma ba aibi ba ne injiniyan yau ya ɗauki wannan ilmi ya ƙarfafa shi da siminti, ya buɗe ƙofofi ga iskar gulbi.

Na uku shi ne siffar wasanninmu, domin kokawa da dambe da kiɗan taushi da kotso a da'ira ake kallonsu, makaɗi yana ganin idon wanda yake wasawa, mai kari yana samun hanyar shiga fage. Saboda haka kujerun da suka fuskanci bango guda ba su dace da mu ba.

Roƙona ga hukuma shi ne, kafin mai zane ya ja layi ɗaya, a zauna da Sarkin Ruwa, da masunta, da manoman shinkafa da albasa, domin maslahar da ta tauye abincin talaka ba maslaha ba ce, kuma su ne suka san inda gulbi yake kwana da inda yake tashi.

Allah ya sa mu dace.