Ba Kowane Tabo Ne Kuturta Ba: Jawabi ga Hakimai da Malamansu



Akwai wata cuta ta fata wadda likitoci ke kira soriyasis. Tun zamanin da ake rikita ta da kuturta, har a ƙasashen Turai, sai a 1841 wani likita na birnin Biyana mai suna Hebra ya raba su sarai. Wannan rikitarwa ba ƙaramar ɓarna take yi ba, gama saboda ita akan ƙi cin abinci da mutum, a hana shi aure, ko a raba shi da matarsa, alhali kuwa ba ya ɗauke da abin da zai shafa wa kowa.

Ga yadda take. Fatar mai lafiya takan sabunta kanta cikin kamar wata guda. Ta mai soriyasis kuwa cikin 'yan kwanaki take yi, sai ta taru ta yi kauri, ta yi ɓawo fari-fari kamar toka. Ga baƙin mutum ƙarƙashin ɓawon yakan yi duhu fiye da sauran jiki. Ta fi fitowa a gwiwar hannu, da gwiwar ƙafa, da fatar kai, da ƙugu, yawanci dama da hagu daidai. In aka kankare ɓawon sai a ga ɗigo-ɗigon jini. Farce yakan yi 'yan ramuka, waɗansu kuma gaɓoɓinsu su kumbura. Takan bi jini a gida ɗaya, amma ba a ɗaukarta. Takan lafa ta dawo, sanyin hunturu kuwa yana tayar da ita.

Tabon kuturta dabam yake. Yakan yi haske fiye da sauran fata, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi. Babbar shaida ita ce mutuwar wurin: malamin asibiti zai sa mutum ya rufe ido, ya taɓa tabon da auduga. In bai ji ba, abin tuhuma ne. Mai soriyasis yana ji sarai.

Makero zagaye yake yi, bakinsa a tashe, tsakiyarsa tana washewa, ana kuwa ɗaukarsa. Ƙazwa tana tsananta ƙaiƙayi da dare, tana kama tsakanin yatsu, ta bi mutanen gida. Inda aka yi shakka, likita yakan kankari fatar ya duba da madubinsa, ko ya yanki ɗan ƙanƙane a auna.

Abin da ake roƙonku uku ne. Na fari, kada dagaci ko mai unguwa ya yanke wa kowa hukuncin kuturta da ido, a aika da shi asibiti. Na biyu, a gargaɗi jama'a game da man shafawa na kasuwa, musamman na ƙara hasken fata: yana haɓaka makero, yana kuma ɓoye alamun da likita ke nema. Na uku, a sanar cewa kuturta tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995 ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ya zo da wuri ba ya rasa yatsa.

Soriyasis ba a raba mutum da ita ɗungum, amma magani yana kwantar da ita, ya ci gaba da nomansa da kasuwarsa cikin jama'a.

Malamai, a karanta wannan a gaban dagatai ranar taro. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.