Amsoshin Wasiƙunku: Romon Tafarnuwa Lokacin Hunturu

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wata baiwar Allah a Kiyawa. Ta ce duk shekara da hunturu ya kama, mura ba ta barin gidanta, ga nama ya yi tsada. Ta ji ana yabon romon tafarnuwa, amma maigida ya ce shi ba zai sha ba, don kada ya shiga sahu yana wari. Tambayarta ita ce, yaya ake yinsa, kuma da gaske magani ne?

To uwargida, mun gode. Da farko ki nemi kan tafarnuwa manya guda 2, busassu masu nauyi a hannu. Wanda ya fara tsiro ko ya yi laushi, ki bar wa mai shi. A kasuwar Shuwarin ko cikin Dutse ba za ki rasa ba. Sai albasa 1, attaruhu 2, citta, masoro, kanumfari ƙwaya 3, daddawa da man gyaɗa cokali 3. In babu nama, ƙashin miya ya wadatar, ko busasshen kifi.

Ki fara ɗora ƙashin da ruwa kamar lita 2, da gishiri da rabin albasa, ya yi ta dahuwa har awa guda. Kafin nan ki ɓare tafarnuwar ki daddaka ta a turmi, ki ajiye ta minti 10. Wannan jiran ba ɓata lokaci ba ne, domin sinadarin nan mai yaji da ƙamshi ba ya fitowa sai an farfasa ta.

Daga nan ki soya sauran albasar a wuta kaɗan, ki zuba tafarnuwar ki juya. To a nan ne fa ake yin ɓarna. Da ta fara sauya launi ki juye a tukunyar romon, don in ta ƙone ɗaci za ta yi, kuma babu gyara. Ki zuba kayan yajin da daddawa, ki rufe minti 20. In kina son ya riƙe ciki, ki kaɗa ƙwai 2 ki tsiyaya a hankali kina juyawa. A sha da zafinsa, da gurasa ko burodin jiya. Haka ma manoman ƙasar Sifen suke yin nasu tun kaka da kakanni, da busasshen burodi da ƙwai.

Maganar maigida kuwa, yana da hujja. Ya zo a Buhari da Muslim cewa an hana wanda ya ci tafarnuwa zuwa masallaci saboda warinta. Amma an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ce mai son ci ya kashe warin da dahuwa. Saboda haka ki bari ta dahu luguf, ki ba shi bayan Isha'i, ya kuma yi asuwaki.

Shin magani ne? Romo mai zafi yana ɗumama jiki, ya sassauta maƙogwaro da toshewar hanci, amma abinci ne. Mai hawan jini kada ya ajiye ƙwayoyinsa ya ce ya samu tafarnuwa. Mai shan maganin tsinka jini, ko wanda za a yi wa tiyata, ya tambayi likita kafin ya yawaita ta. Mai gyambon ciki ya rage attaruhu. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai. Tarin da ya kai mako 2 kuwa, a tafi asibiti a gwada majina, don kada tarin fuka ne, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Yaron da numfashinsa ke sama-sama, kada a kwana da shi a gida.