Jawabin Magatakarda a Bikin Zagayowar Shekara: Gadoji da Lodin da Muke Ɗora Masu

 



Mun gode wa Allah da ya sake haɗa mu a wannan biki. Ofis ya ɗora mana magana a kan abin da ba ya cikin littafin lissafinmu, amma duk abin da ke cikin littafin a kansa yake bi: gada.

Kakanninmu fatake sun bi ta nan Wagadugu da jakuna zuwa Salaga neman goro. In sun iso bakin gulbi, madugu ke tsayawa ya duba kaya kafin a shiga kwalekwale, don ya san in jirgi ya kife ba a tambayar kayan wa suka fi nauyi. Yau tirela muke haya, amma gulaben suna nan. Mai zuwa Tema sai ya hau gadar Nazinon kafin Po, sannan Yapei da Buipe a Gana. Mai zuwa Bobo sai ya hau ta Boromo.

Mun ɗanɗana rashinsu. A ƙarshen 2017 hukumomin Gana sun rufe Buipe da Yapei na makonni don gyara. Motoci suka koma zagaye, kuɗin haya ya tashi, masu albasa da tumatir a cikinmu sun san abin da suka zubar. A watan Agusta na 2024 ruwa ya shanye gadar Heredugu, hanyar Bobo ta yanke, motoci suka yi layi ta kowane gefe.

Ruwan sama ba a hannunmu yake ba. Lodi kuwa namu ne. Gada siminti ce da rodi a ciki, kuma an auna nauyin da za ta ɗauka tun ranar zana ta. In mota mai obalodi ta hau, ba nan take take karyewa ba. Tana ɗan lanƙwasawa, siminti ya tsage kamar gashi, ruwan damina ya shiga, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa simintin. A ƙasa kuma ambaliya na kwashe yashin gindin ginshiƙai. Shi ya sa masu gyara ke toshe tsaga, su share magudanai, su jibge duwatsu a gindi, wani lokaci su ƙara ƙarfe. Duk wannan kuɗi ne, kuma daga kuɗin hanyar da muke biya da harajinmu yake fita.

Dokar tana nan tun Disamba 2005, wato doka mai lamba 14 ta UEMOA, kuma Burkina na cikin wannan ƙungiya har gobe. Ta ƙayyade tan 51 ga tirela mai layin taya shida, mota da kaya gaba ɗaya. Mu faɗa wa juna gaskiya: ba direba kaɗai ke ƙara buhu ba. Mu ne ke cewa, "Malam, daure ka sa mini hamsin a sama." Ribar buhu hamsin ba ta biyan tarar sikeli, balle sati biyu mota na tsaye a bakin gulbi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Saboda haka ofis na roƙon taro ya amince da abu uku. Na ɗaya, duk motar da aka yi wa lodi da sunan ƙungiya ta hau sikeli kafin ta tashi, a kawo mana takardar mu ajiye. Na biyu, in ana tafiya cikin ayari, direbobi su bar tazara a kan gada, kada a yi tsaye a kanta, kada a shiga in ruwa ya rufe ta. Na uku, wanda ya ga tsaga, ko rami, ko ƙarfen gefe ya karye, ya ɗauki hoto ya turo mana da sunan wurin, mu rubuta wa hukumar hanyoyi da hatimin ƙungiya.

Mun san wannan zai rage wa wasunmu riba a tafiya ɗaya, kuma masu ƙaramin jari zai fi taɓawa. Don haka a zama mai zuwa za mu kawo tsarin haɗa kaya, mutum uku ko huɗu su raba hayar mota biyu.

Allah ya kiyaye hanya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a nema. Wassalamu alaikum.