Alamomin Haɗari a Jikin Yaro: Lokacin da Ba a Jiran Gari Ya Waye

Kafin a buɗe akwati a fara zubi, bari mu ɗan yi magana kan lafiyar 'ya'yanmu.

Zazzaɓin cizon sauro, limoniya, gudawa da tamowa su ne suka fi cin rayukan ƙananan yara a ƙauyukanmu, kuma duk suna da magani. Abin da ke cutar mu shi ne jinkiri. A yi kwana biyu ana jiƙo, a ƙara kwana biyu ana sayen ƙwaya a kemis, sai jiki ya rikice a ce a nemo mota. To, yaro ba kamar babba ba ne. Ciwon da babba zai yi mako yana fama da shi, yana iya kayar da yaro cikin yini guda.

Akwai alamomi huɗu da nake so kowacce ta haddace. Na ɗaya, yaro ya kasa shan nono ko ruwa. Na biyu, duk abin da ya sha sai ya amayar. Na uku, jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Na huɗu, barcin da ba na lafiya ba, ki tashe shi ya ƙi tashi, ko ya buɗe ido bai san ki ba. Ko ɗaya kika gani, asibiti za a nufa nan take, ko da tsakar dare ne. Haka ma in wuyansa ya sanƙare, ko maɗigar jariri ta kumbura, domin yana iya zama sanƙarau. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, ko zafin jiki kawai ya yi, a kai shi.

Sai numfashi. In yaro na tari, ki ɗaga rigarsa lokacin da ba ya kuka, ki sa wani ya duba agogon waya, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50, ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi sauri. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lomawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, kada a kwana da shi a gida. Wannan alamar limoniya ce, kuma maganin tari na kwalba ba ya warkar da ita.

Ki duba tafin hannunsa. In ya yi fari fat, jininsa ya yi ƙasa, watakila sai an yi masa ƙarin jini. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa. In wurin ya loma ya daɗe bai dawo ba, wannan kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba.

Me ake yi a asibiti? Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, shi ya sa ake ɗan tsira yatsa a ɗebi ɗigon jini. Cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. In cizon sauro ne bai yi tsanani ba, za a ba ki ƙwayoyi na kwana 3, safe da yamma. Ki ba shi duka ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu, kada ki ajiye saura don ƙaninsa. In ya yi tsanani, allura ake yi, a kwantar da shi. Mai gudawa ana ba shi ORS da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Mai tamowa ana auna damtsensa da ɗan tef mai launi. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, sai a sa shi kan abincin nan na leda mai gyaɗa. Magani ne nasa shi kaɗai, ba na rabawa da yayye ba.

A kan hanya kuma, in yana iya haɗiya, ki ci gaba da ba shi nono. In yana jijjiga, ki kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a yi masa hayaƙi. Wasu ma'aikatan lafiya na ƙauye suna da maganin zazzaɓi na matsi da ake sa wa yaro a dubura. Yana taimakawa kafin a isa, amma bai ɗauke tafiya asibiti ba.

Saura abu biyu da ke tsayar da mu a ƙofar gida: izini da kuɗin mota. Kowacce ta zauna da maigida tun yaro na lafiya, ku yi magana cewa in ba ya nan aka ga ɗaya daga alamomin nan, kin sami izinin fita. Mu kuma a ƙungiya, mu tsayar da yadda za a fitar da kuɗin asusun taimako cikin dare ba sai ranar taro ba, mu kuma ajiye lambar mai babur ko direba ɗaya da muka yarda da shi. A tsai da wannan yau, magatakarda ta rubuta.

Yanzu wa za ta maimaita mana alamomin nan huɗu? Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.