Rabon Gonar Tarayya a Ƙasar Kano ta Arewa



Duk wanda ya bi hanya daga Ungogo zuwa Minjibir ko Ɗambatta zai ga gona na bin gona, babu saura, babu daji. Wannan cunkoso shi ne Michael Mortimore ya yi nazarinsa a shekarun 1960. A irin wannan ƙasa, ranar da maigida ya rasu gandu ya watse, kowane taƙi abin jayayya ne.

Tun daga dokar 1910, har zuwa ta 1962 da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasa tana hannun hukuma ne, manomi kuwa haƙƙin mora gare shi. Wannan haƙƙi shi ake gāda, shi ake rabawa.

Ba a taɓa gona sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Sa'an nan a fitar da rabon kowa. Alal misali, mutum ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza 3, da mace 1, da gona eka 4. Sai a kasa ta kashi 8: matar ta ɗauki tumuni, watau rabin eka, kowane namiji eka guda, 'yar kuma rabin eka.

Littattafan Malikiyya, irin su Muhtasar na Halil, sun kawo hanyoyi uku. Ta farko rabon amfani, inda ake noma gonar bi da bi, asalinta yana nan a haɗe. Ta biyu rabon yarjejeniya, wanda akan yi a gaban dagaci da dattawa. Ta uku ƙuri'a, wadda alƙali ke tilastawa idan ɗaya ya nema. A nan sai masana su auna, su yi ƙima, domin eka a fadama ba daidai take da eka a jigawa ba, kuma ɗorawa da tsamiya da rijiya duk suna da daraja. Idan gonar ba ta rabuwa sai da cutarwa, a sayar a raba kuɗi. Idan kuwa wani ya sayar wa bare da kasonsa kafin rabo, sauran suna da haƙƙin shuf'a, watau su biya kuɗin su karɓe. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara.

Babban haɗari shi ne jinkiri. Gonar da aka bari a hannun babban wa shekara da shekaru, shaidu su mutu, gambar iyaka ta ɓace, rabon mata shi ke fara salwanta. Saboda haka a raba da wuri, a rubuta, a sa shaidu. Shi zumunci ya fi ƙarko idan kowa ya san iyakarsa.