Jawabin Masu Kula da Kayan Ƙungiya Bisa Gyaran Tsofaffin Akwatunan Lasifika

Mai gari, ranka shi daɗe. Liman, Allah shi gafarta malam. Dattawa, iyayenmu mata, da ku ƴan uwa da kunka zo daga Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da waɗanda sunka taso tun daga Kurmi, muna yi muku barka da zuwa, muna yi muku ban gajiya.

Mu ukun nan da taro ya ɗora ma kula da kayan ƙungiya, an ce mu tashi mu faɗi abin da munka yi da akwatunan lasifika biyu da ke gabanku. Za mu faɗe shi daki-daki, dan wanda ke da irinsu ajiye a gida shi san ta inda za shi kama.

Dattawa sun san asalinsu, yara ne ba su sani ba. A shekara ta 1983 gwamnatin Najeriya ta kori baƙin da ba su da takardu. Biyu daga cikin iyayenmu sunka taso daga Ikko bisa babbar mota, sunka baro kaya da yawa can, amma ba su baro waɗannan akwatuna ba. Da sunka iso sunka ba samariyar gari su. Tun daga ranar, ba suna, ba ɗaurin aure, ba kokowar bayan girbi, ba cigiyar akuya, ba sanarwar rigakafin yara da ba ta cikinsu ta fito ba.

Bara kowa ya ga halin da sunka shiga. Damina ta jiƙa gindinsu, gara ta ci bayan guda, ƙyallen gaba ya yage, murya ta koma kamar ana kaɗa fasasshen kwano. Samari sunka ce a yar da su, a sayo sababbi na roba masu haɗuwa da waya. Ba mu ga laifinsu ba, kunne ya gaji. Amma kuɗɗin da ke cikin asusu na rufin ajin lakwal ne, in an taɓa su yara za su sha ruwan sama bisa allunansu. Shi ya sa munka roƙi taro shi ba mu wata biyu mu gwada. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abu na farko da munka koya wurin wani mai gyaran rediyo a Maraɗi shi ne akwati ba ado ba ne, rabin murya ne. Ku dubi goge. In an cire ƙwarya an bar tsirkiya ita kaɗai, mai nisa ba shi jin komi. Haka lasifika take. Cikinta akwai maganaɗisu, da naɗin siririyar waya, da faifan takarda. Wuta na shiga naɗin wayar, shi kuma shina tura takarda gaba shina jawo ta baya, takarda na tura iska, iska na kai murya kunne. Wasu Amurkawa biyu, Rice da Kellogg, su ne sunka bayyana wannan tsari a 1925, har yau kuma bisa shi ake. To, lokacin da gaban takarda ke tura iska, bayanta jawo iska yake yi. In ba katako tsakani, iskar gaba da ta baya sai su haɗu su kashe juna, kaurin murya shi ɓace, a bar ka da ƙara siririya. Aikin akwati shi ne shi raba su. Saboda haka duk tsaga, duk ramin gara, duk ƙusar da ta saki, murya ce ke yoyo ta wurin.

Akwatunan iri biyu ne. Akwai rufaffe ruf, akwai mai rami guda da masu ƙira sunka buɗe da gangan, mai ɗan bututu ciki. Wannan rami an auna shi daidai da girman akwatin. Kar a toshe shi, kar a faɗaɗa shi, kar kuma a rage ko a ƙara girman cikin akwati. Namu rufaffu ne.

Yanzu ga yadda munka yi.

Da farko munka kwance lasifikokin, babba da ƙarama, daga kowane akwati. Kafin mu cire waya munka ɗaura mata ɗan zare, munka rubuta a takarda wace ke zuwa ina. Munka kife lasifikokin cikin ɗaki nesa da yara, nesa da ƙusoshi, dan maganaɗisu na jawo duk ɓarɓashin ƙarfe. Cikin akwatin akwai wata auduga mai ƙaiƙayi, ta gilas ce. Ba a taɓa ta da hannu tsirara, ba a shaƙar ƙurarta. Tamu ɓera ya yi gida ciki, sai munka fid da ita munka sa audugar matashin kai irin ta kanti a madadinta, gwargwadon wadda munka cire.

Na biyu, munka dubi katakon. Akwai wanda anka yi da falle-fallen itace da anka manna bisa juna, shi wannan shina da ƙarko, shina gyaruwa. Akwai kuma wanda anka yi da garin katako da anka danne da gam. Shi in ya sha ruwa ya kumbura ba shi komawa, sai a yanke wurin a sa sabo. Bayan akwatin da gara ta ci, cire shi munka yi gaba ɗaya. Munka kai ma kafinta tsohon, ya yanko mana sabo daidai tsawo, daidai faɗi, daidai kauri. Sauran ƙananan ramukan ƙwari munka ɗura musu maganin ƙwarin katako, munka jira kwana 7 mu ga ko sabon gari zai zubo. Bai zubo ba.

Na uku, haɗa gaɓoɓin da sunka saki. Mun kankare tsohon gam, munka shafa farin gam na kafintoci, munka ɗaure akwatin tam da robar cikin tayar keke, munka bar shi kwana guda cur ba a taɓa ba. Ramuka da kusurwoyin da sunka gutsure, munka cike su da garin katako mai laushi da anka kwaɓa da farin gam. Ta ciki kuma munka bi kowace kusurwa da gam dan kar iska ta sami hanya.

Na huɗu, fatar waje. A nan ne munka yi kuskuren da muke son kar kowa shi maimaita. Abin da kuke gani mai kyawon zane bisa akwatin, ɓawon itace ne siriri da anka manna, kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Ɗayanmu ya ɗauko samfefa mai kaushi, lamba 80, ya hau gugar saman akwati na farko da ƙarfinsa na noma. Kafin mu ankara ya huda ɓawon a kusurwa, farin katakon ƙasa ya fito. Ga tabon nan, ba mu ɓoye shi ba, kowa na iya zuwa shi gani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A na biyu sai munka bi a hankali: samfefa lamba 180, sa'annan 220, an naɗe ta bisa ɗan guntun katako mai lebur, ana bin zanen itace, ba a gicciye shi, ana sassauta hannu in an zo baki. Inda ɓawon ya ɗago, munka tura gam ƙarƙashi da tsinke, munka ɗora takarda, munka danne da dutse har safe. Inda wani abu ya buga katako ya lotsa, munka ɗora jiƙaƙƙen tsumma munka taɓa da dutsen guga mai zafi kaɗan-kaɗan, tururi ya ɗago wurin.

Ku lura, ba kowane akwati ke da ɓawon itace ba. Wani leda ce anka zana kamar itace. Ita ba a guga tata, ɓare ta ake yi, a goge katakon, a shafa fenti.

Na biyar, shafa mai. Wani dattijo ya ce mu shafa man gyaɗa, wani yaro ya ce baƙin man mota. Duk biyun ba su yi. Man gyaɗa ba shi bushewa, shina kama ƙura, shina wari, shina kiran kiyashi. Baƙin mai kuwa in ya shiga katako gam ba shi ƙara kama wurin. Man ƙyallin katako na kafintoci munka sayo. Shafi 3 munka yi, kowane siriri, kwana guda tsakani, ana ɗan bi da samfefa mafi laushi kafin na gaba. Shafi mai kauri guda ba shi kai siriri uku kyau, kwarara yake yi. Lokaci ma shina da muhimmanci. In hunturu na busa ƙura, duk abin da ke cikin iska bisa jiƙaƙƙen mai za shi zauna. Tsakiyar damina kuma raɓa na hana shi bushewa da wuri. Mu da sassafe munka yi, cikin zaure, an yayyafa ruwa ƙasa dan ƙura ta kwanta, taga a buɗe dan wari, ba taba, ba murhu kusa. Tsummokaran da sunka sha mai ba a dunƙule su a jefa lungu, suna iya kama wuta da kansu. A shanya su waje su bushe.

Na shida, ƙyallen gaba. Ba kowane yadi ba ne. A ɗora shi bisa baki a hura, in iska ta wuce ba wahala, murya ma za ta wuce. Baƙin yadi shara-shara munka samu, munka ja shi sosai bisa ɗan katakonsa, munka kafe ta baya.

Akwai abin da ba mu taɓa da hannunmu ba, muna kuma gargaɗinku da shi. Zoben soso da ke kewaye da takardar babbar lasifika shina ruɓewa in ya daɗe, namu yana taɓuwa yana zuba kamar garin tuwo. Ana sake shi, amma in an manna shi a karkace naɗin waya zai riƙa gugar maganaɗisu har shi ƙone. Shi da ɗan allon da ke raba murya tsakanin babbar lasifika da ƙarama, mai gyaran rediyo munka kai ma. Wanda ya san iyakarsa bai yi asara ba.

Da munka mai da komi, kuskure na biyu ya fito. Mun kunna, kowane akwati shi kaɗai muryarsa da kauri, amma in an haɗa biyun sai ta rame. Ashe a guda mun juya waya, zaren da munka ɗaura ya kwance. Akwati guda na turawa, guda na ja, suna kashe juna. Ga gwajin da anka koya mana: a ɗauki ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5, a taɓa kansa mai alamar ƙari ga jar waya, gindinsa ga baƙa, taɓi guda a ɗauke. Takardar babbar lasifika ta leƙo waje. In ta shige ciki, waya a juye take. Duka akwatunan su yi iri ɗaya. Gwaji na biyu na rufaffen akwati ne: a buɗe yatsu a danna takarda a hankali, kar a taɓa tsakiyarta. In ta dawo sannu-sannu, akwati ya toshe da kyau. In ta dawo farat ɗaya, akwai inda iska ke fita. Sa'annan a dubi bayan akwati, an rubuta om 8 ko om 4, a tabbata ampili na ɗaukar wannan lamba kafin a haɗa.

Yau kun ji da kunnenku. Tun safe ta cikinsu ake magana, na bakin rijiya ma sun ce suna ji. Ga samarinmu kuma muna cewa, buƙatarku ba ta faɗi ba. Akwai ɗan ƙaramin abu da ake saya a haɗa da ampili, waya ta riƙa aiko masa waƙa ba tare da igiya ba, murya ta fito ta cikin tsohon katako. Abin da munka kashe duka ma'aji na da shi a rubuce, za shi karanta muku. Kuɗɗin rufin aji suna nan ba a taɓa su ba.

Muna roƙon taro abu uku. Na ɗaya, akwatunan nan kar su ƙara kwana bisa ƙasa, a ɗora su bisa bulo, nesa da bango, a lulluɓe su. Na biyu, duk wanda ya ara shi sa hannu a littafi, shi ɗauke su bisa amalanke da tabarma ƙarƙashi, kar a bar su cikin rana ko yayyafi, kar a murɗa ampili har murya ta fara tsagewa, wannan ke ƙona ƙaramar lasifika. Na uku, ku ƴan ci-rani, da yawanku akwai irin waɗannan akwatuna a ɗakin tsohuwa, an ɗora musu kwanoni, ko kaji na ƙwai ciki. Kar ku faskara su ku hura wuta. Ku kawo su zauren mai gari ranar kasuwa da la'asar, mu duba tare. Wanda ke gyaruwa mu nuna ma mai shi hanya, shi yi da hannunsa a gida, yaransa na kallo.

Iyayenmu biyu da sunka ɗauko su daga Ikko duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah shi jiƙansu. Inda munka yi kuskure cikin magana, dattawa su gyara mana. Allah shi mai da kowa gidansa lafiya.