Magungunan Inji na Kwalba: Shin Suna Aiki Kuwa?



An umarce ni in yi muku bayani a kan wani abu da kowannenmu ya saba gani a shagunan kayan mota da bakin tasha, watau 'yan kwalaben nan da a ke cewa in an zuba a inji za su wanke shi tas, ko su ƙara wa baƙin mai ƙarfi har tsohon inji ya koma sabo. Mai sayensu ba wawa ba ne. Mota ita ce gonarsa, in inji ya buga kuwa, tukunyar gidansa ce ta sauka daga murhu. Tsoron haka ne ya ke sa shi fid da kuɗi.

Da fari, ya kamata mu san cewa baƙin mai ba mai ne zalla ba. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke cikin galan, ko ƙasa da haka kaɗan, sinadarai ne da masana su ka auna su ka haɗa tun daga masana'anta. Akwai mai wanke dauɗa, akwai mai hana baƙin hayaƙi dunƙulewa, akwai kuma wani mai tutiya a ciki, wanda ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Miya ce da gwanar girki ta riga ta gama. Wanda ya zo daga baya ya ƙara gishiri bai gyara ta ba. Shi wannan sinadari mai tutiya ma, in ya yi yawa, ya kan lalata matatar hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikai ke yi wa laƙabi da indomi, ita kuwa kun san tsadarta.

A Amurka, inda yawancin waɗannan kwalabe su ka samo asali, hukuma ta daɗe tana bin diddiginsu. A 1978 kamfanin STP ya amince ya biya tarar dala 500,000 a kan tallar da ya yi wa maganinsa, a 1995 kuma ya sake biyan dala 888,000. A 1997 Hukumar Ciniki ta Tarayyar Amurka ta sa masu Slick 50 su daina alkawuran da ba su da hujja a kansu. Shi Slick 50 an tallata shi ne da sinadarin nan da ke hana abinci kamawa a kasko, alhali tun 1980 kamfanin DuPont, mai yin sinadarin a lokacin, ya ce bai ga amfaninsa a cikin baƙin mai ba. A lura, hukumar ba ta ce kowace kwalba tana kashe inji ba. Cewa ta yi, a kawo shaida.

Wani zai ce, ai ni na zuba, ƙarar ta ragu, hayaƙin ya ɗauke. Gaskiyarka. Maganin nan mai kauri kamar zuma ya kan cike giɓin da ke tsakanin ƙarafan da su ka cinye, sai inji ya yi shiru na ɗan lokaci. Amma ba ya mai da ƙarfen da ya tafi. Dillalan mota sun san wannan sarai. A injunan zamani kuwa, masu shan mai tsinkakke irin 5W-30, kaurin nan ya kan hana mai isa saman inji da wuri, musamman da sanyin safiyar hunturu.

To, sai maganar wankin inji, wadda ta fi damuna. Shi wannan magani yana aiki, haɗarinsa ma a nan ya ke. A kan zuba shi cikin tsohon mai, a bar inji a silo na minti 10 zuwa 15, sa'an nan a juye. Injin da a ke yi wa juye a kan kari ba shi da abin wankewa, an yi asarar kuɗi kawai. Wanda a ka yi wa sakaci kuwa, dauɗa ta daskare a cikinsa kamar kwalta. Maganin ba ya narkar da ita duka. Ɓamɓaro ta ya ke yi gutsure gutsure, ta gangara ƙasa ta toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Sai jar fitila ta kama a kan hanya, kafin direba ya sauka gefen titi inji ya buga. Wani lokaci kuma dauɗar ce ta toshe robar da ta tsufa, da an wanke sai yoyo. Masu yin wannan wanki da kananzir ko man gas su na fi tausaya wa, domin ba ya fita duka, ragowarsa ya tsinka sabon man da a ka zuba.

In inji ya tara dauɗa, hanya mafi aminci ita ce a kwance murfin sama da kaskon ƙasa, a wanke su da rariyar da hannu, a zuba mai nagari, a yi juye biyu ko uku kusa da kusa, kowane da sabon filta. Man kuma a saye shi a rufe, mai lambar da littafin motar ya faɗa, domin jabu ya yi yawa a kasuwa, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta kuma sha kama shi. Mai bin hanyar ƙura, ko mai yini cikin cunkoson Legas ko Kano, ya rage tazarar juyensa.

In makanike ya ce a yi wanki, ka roƙe shi ya fara buɗe murfin saman inji ku duba tare.